Mu Daina Hukunta Mugun Labari Da Shanyewar Ɓarin Jiki

 Ina godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin maƙalar wannan mako. Tun da wuri ina neman afuwa, domin yau ban zo da zancen ƙa'idojin rubutu ko dabarun jan hankalin mai karatu ba. Ƙara na kawo, kuma mu ne ake ƙara, har da ni.

Akwai wani shafi da kowa a nan ya sani. Labari ya zo gangara, saura babi biyu. Asirin mugun Alhajin da ya cinye dukiyar marayu ya tonu, ko na uwar mijin da ta hana baiwar Allah sakat, ko na kishiyar da ta mai da gidan boka gidan ubanta. Marubuci ya duba gabas da yamma, ya rasa yadda zai yi da su. Kotu ta yi tsawo, mutuwa ta yi musu sauƙi. Sai kawai mu ji wane ya dafe kai, ya yanke jiki ya faɗi. A shafi na gaba likita ya fito yana share gumi, ya ce ɓarin jiki ya shanye. Daga nan sai alƙalami ya sami abin so: baki ya karkace, miyau na dalala, kashi da fitsari a kwance, ƙuda na bi, 'ya'ya sun gudu. A rufe da alhaki kwikwiyo ne. Masu karatu su yi ta turo "Allah ya ƙara", marubuci ya kwana da farin ciki.

Ni ma na rubuta wannan shafin. A labarina na farko, ina shekarar farko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, haka na gama da wata uwar miji, har ana yaba mini cewa na iya hukunci. Ban san abin da na aikata ba sai da ciwon ya shigo gidanmu a Rabah.

Yayana tela ne. Shekararsa 31, da mata da 'ya'ya biyu, ba ya shan taba, bai taɓa kwana a asibiti ba, bai kuma taɓa miƙa hannu an auna jininsa ba. Ana saura kwana huɗu ƙaramar Salla, bayan ya yi darare a jere a kan keke, almakashi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya zube. Da aka ɗago shi, baki ya ja gefe, magana ta ƙi fita.

Daga Rabah zuwa Sakkwato kilomita talatin da 'yan kai ne. Mun yi wannan tafiyar bayan mako bakwai. Gwaggonmu ce ta fara yanke hukunci: "Wanga ba ciwon asibiti ba na. In anka yi mai allura, shi ke nan." Babu wanda ya musa mata, har da ni mai takardar difloma. Aka shiga hayaƙi da shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Aka riƙa ɗura masa ruwan magani yana ƙwarewa. Wani mai magani ya ce a gasa ƙafar da ruwan zafi, aka gasa har fata ta saɓule, shi kuwa bai ji ba, domin ƙafar ba ta jin zafi a lokacin. Masu zuwa dubiya kuma kowa da irin tambayarsa. Wa ya saɓa da shi? Ɗinkin wa ya riƙe? Wata maƙwabciya ta faɗa wa matarsa a tsakar gida cewa irin wannan ciwon ba ya kama mutum haka kawai, ai ko a littafi da fim mai haƙƙin mutane yake kamawa.

Maganar nan ta tsaya mini a wuya har yau. Ba ta ce malam ya faɗa ba, ba ta ce likita ya faɗa ba. Mu ta kafa hujja da mu.

Yanzu bari in jera ƙarairayin da wancan shafin yake koyarwa, ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, cewa ciwon tsofaffi ne. Akwai wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya. A sakamakon da aka fitar a 2018, cikin mutum 2,118 da ciwon ya kama, 515 ba su kai shekara 50 ba. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin huɗu. Fiye da rabin waɗannan matasan kuwa jijiyar jini ce ta fashe musu a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne kan gaba a cikin dalilai, da tazara mai nisa. Ƙara da ciwon suga, da sikila wadda ke iya shanye ɓarin jikin yaro tun yana firamare, da jijjigar masu ciki, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya da Sakkwato da Kano suka daɗe suna rubutu a kan yawansa a ƙasarmu. Wato mai jego 'yar shekara 22 tana cikin layi, ɗan kabu-kabu yana ciki, mai noman albasa a fadamar Wurno yana ciki, ni da ku muna ciki. Amma a littattafanmu sai mai furfura da carbi na ƙarya.

Ta biyu, cewa ciwon a hannu da ƙafa yake. Ciwon a kai yake. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa wani sashen ƙwaƙwalwa jini, ko jijiyar ta fashe. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin jiki na dama, kuma ga yawancin mutane a nan cibiyar magana take. Shi ya sa Yaya ya rasa hannun dama da harshe a lokaci guda. Hannun lafiyarsa lau, saƙo ne ya daina iso masa. Duk mai da muka shafa, duk ruwan zafin da muka zuba, mun yi ta dukan jaki ne mun bar taiki, ko kuma in ce mun yi ta dukan taiki alhali jakin yana can.

A nan ne ya kamata kunnen marubuci ya tashi, domin kalmominmu ma suna da hannu a ɓarnar. Muna cewa "mutuwar ɓarin jiki", abin da ya mutu kuwa ba a yi masa jinya, jana'iza ake yi masa. Muna cewa "shanyewa", kalmar da take 'yar'uwar "shan Inna", wato tun a bakinmu mun riga mun ɗora laifin a kan iska. Aikin masu fisiyo kuma muka raɗa masa "gashin ƙashi", sai mutumin ƙauye ya ce in dai gashi ne ai yana da itace da tukunya a gida. Ban ce mu zubar da kalmomin ba, su mutane suka sani. Amma wanda sana'arsa kalma ce, wajibinsa ne ya san kayan da kowace kalma ta ɗauko, ya kuma sa wani a cikin labarin ya sauke su.

Ta uku, cewa a fara na gida, in ya gagara a tafi asibiti. Masana sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan biyu ke lalacewa a kowane minti. Allurar da ke narkar da gudan jini tana da amfani ne a cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma ba a yin ta sai an ɗauki hoton kai an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba. Gaskiya ne ba ko'ina ake samun allurar ba. Amma ko babu ita, zuwa da wuri yana sa a daidaita jini da suga, a duba ko mutum yana iya haɗiya kafin a sa masa komai a baki, domin abin da aka ɗura ya bi ta huhu shi ke kashe da yawa daga cikinsu. Alamomin ba su da wuyar riƙewa: fuska ta karkace, hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya, magana ta harɗe. Da ganin ɗaya, sai neman mota. Sau nawa muka rubuta wannan a labari? Mu da muke iya cika shafi uku da lissafin kayan lefe.

Ta huɗu, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo, cewa daga faɗuwa labarin mutum ya ƙare. A littattafanmu mai wannan ciwon hanya biyu gare shi. In mugu ne, ya ruɓe a ɗaki. In kuwa na kirki ne aka yi masa jifa, sai a haƙo layar da aka binne, ya yi atishawa ya miƙe a daren, washegari ya tuƙa mota. Duka biyun ƙarya ne, kuma duka biyun suna hana jinya. Na farko yana cewa kada ka wahalar da kanka, na biyu yana cewa ka zauna ka jira dare ɗaya.

Ga abin da na gani da idona. Da muka isa wani asibiti a Sakkwato, aka auna jinin Yaya, aka ɗora shi a kan magani, aka tura mu wurin masu fisiyo. Matar da ta karɓe mu ta dubi ƙunar ƙafarsa da kafaɗarsa da ta zazzago saboda jan da muke yi masa ta wannan hannun in za mu tayar da shi, ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabuwar hanya, sassan da suka tsira su karɓi wani abu daga aikin wanda ya lalace, amma sai da maimaici, kuma ta fi saurin koyo a watanni ukun farko zuwa shida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuwa mun riga mun ƙone mako bakwai a hayaƙi.

Kuɗin mota ba zai bar mu mu riƙa zuwa kullum ba, sai ta mai da ni da matarsa ɗalibanta. Muka koyi juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Muka koyi tallafe hannun da matashi, da miƙar da yatsu don kada su ƙage. Shi kuma ya koma ajin farko na rayuwa: juyi a kan shimfiɗa, zama ba jingina, tashi tsaye, sauke nauyi a kan ƙafar da ba ya yarda da ita. Muka kafa gora biyu a tsakar gida yana dafawa. Muka zuba masa wake a faranti yana tsinta da ɗai-ɗai, ranar farko ƙwaya uku ya iya, ya yi jifa da farantin. Akwai lokacin da yake karanta Fatiha tiryan-tiryan amma ya kasa kiran sunan 'yarsa, mutane suka ce kun gani, aljanin ne ke riƙe harshen. Ashe sananniyar aba ce ga masu wannan ciwon: abin da baki ya haddace yakan fita, kalmar da mutum yake nema da kansa ita ke ɓacewa. Haka ma kukan da yake fashewa da shi ba dalili, shi ma daga ciwon ne. Ga kuma baƙin ciki na gaske, wanda likitoci suka ce yana kama kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira. Namiji mai ciyar da gida ya koma sai an kai shi bayi, dangin matarsa suna aiko mata da cewa ta dawo gida tun da sauran ƙuruciyarta.

Ba ta tafi ba. A wata na biyar ya taka zuwa masallacin unguwa da sanda, tafiyar minti uku ta ɗauke shi kusan rabin awa. Bayan shekara guda da 'yan watanni ya koma shago. Yanzu shi ke awo da karɓar aiki, yaransa na yanka, yana taka keke da ƙafar hagu. Yatsun dama ba su dawo duka ba, har yau wani ke zura masa zare a allura. Ko da mun je a ranar farko za su dawo? Allah ne masani. Amma tambayar tana kwana da ni.

Da maganarsa ta warware, na tambaye shi abin da ya fi yi masa zafi. Na zaci zai ce ƙunar. Sai ya ce: "Duk abin da kunka ce bisa kaina, ina jin ku."

Na san amsoshin da za su biyo baya, don haka bari in tare su.

Wani zai ce labari ne kawai, ƙirƙira ce. To, in labari ba ya shiga zuciya ya zauna, don me muke kiran kanmu masu gyaran tarbiyya a bangon kowane littafi? Ba zai yiwu mu karɓi yabo in an ce littafinmu ya gyara aure, sannan mu noƙe in an ce ya ɓata jinya ba. Matar da ke ƙauyen Goronyo wataƙila ba ta taɓa zama da likitan ƙwaƙwalwa ba, amma wayarta cike take da littattafanmu, rediyonta ma mu yake karanto mata.

Wani zai ce ina musun sihiri da aljanu. Ban musa abin da addini ya tabbatar ba, kuma ba mu daina yi wa Yaya addu'a ko rana ɗaya ba. Abin da nake musu shi ne a mai da addu'a kishiyar asibiti. Addinin da ya koya mana addu'a shi ya umarce mu da neman magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke nan Wurno kusa da mu, bayan mulki da jihadi har littattafai ya rubuta a kan ilimin magani. Kuma wa ya ce cuta shaidar zunubi ce? Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wa ya zalunta? Abana ɗan Halifa Usman bin Affan, malami kuma gwamnan Madina, ya yi fama da shanyewar jiki. Al-Jahiz, ɗaya daga cikin manyan marubutan Larabci, da ita ya ƙare rayuwarsa a Basra. A Faransa, Louis Pasteur ya gamu da ita a 1868 yana ɗan shekara 45, ɓarinsa na hagu ya raunana, amma bayan shekara 17 ya fito da rigakafin cizon mahaukacin kare. Da a hannunmu ya faɗo, da tun a babi na ƙarshe mun bar shi da ƙuda.

Wani zai ce masu karatu suna son su ga ƙarshen mugu. Ni ma ina so. Amma ka hukunta shi da abin da hannunsa ya shuka. Wanda ya ci dukiyar marayu, marayun su tsaya gabansa a kotu. Wadda ta raba aure, ta wayi gari babu mai amsa sallamarta. Wannan shi ne hukuncin da ya tsiro daga cikin labari. Jefo cuta daga sama lalaci ne na marubucin da ya kasa warware ƙullin da ya ɗaura, kuma kuɗin wannan lalacin marasa lafiya na gaske ke biya.

Wani kuma zai ce talauci da rashin tsaro ne ke hana mutane zuwa asibiti, ba littafi ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Mu mutanen gabashin Sakkwato mun san abin da ake nufi da hanyar da ba ta biyuwa bayan magariba. Tun harin Tabanni a 2018 mutanen yankin Gandi da yawa suka bar gidajensu, kuma wanda ke gudun ransa ba ya zancen fisiyo. Hoton kai da ƙwararrun ma'aikata sai an dangana da birni, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Duk gaskiya ne, kuma ya kamata mu rubuta shi, mu matsa wa hukuma ta kawo masu fisiyo kusa da karkara. Amma mu a gidanmu ba kuɗin mota ne ya tsayar da mu ba. Abin da muka kashe a wurin masu magani ya ninka kuɗin motar sau da yawa. Abin da ke cikin kawunanmu ne ya tsayar da mu, kuma a nan ne marubuci yake da iko. Ba mu iya gina asibiti, amma muna iya daina gina katanga a kan hanyarsa.

Saura mai cewa mu ba likitoci ba ne. Haka ne. Mu ba matuƙan jirgi ba ne kuma, amma kullum jarumanmu suna Dubai. In za ka iya binciko sunan turare da na otal, za ka iya zuwa sashen fisiyo ka nemi izini ka zauna yini guda, ko ka gaida wani mai jinya a unguwarku ka saurare shi. Jami'ar Bayero ta daɗe tana yaye masu wannan aikin, da yawansu Hausawa ne, suna nan a Facebook tare da mu. Tambaya ce kawai ba mu yi.

Kuma wallahi asara muke yi ko ta fuskar adabi. Muna ta kukan cewa jigo ya ƙare, kullum soyayya da kishi, alhali ga labari a kwance a ɗakunan unguwanninmu. Kana neman soyayya? Ga matar da danginta ke ja, mijinta ba ya iya kiran sunanta, ta zaɓi ta zauna, ko ma ta kasa ta tafi, ka nuna mana dalilinta ba tare da ka tsine mata ba. Kana neman jarumi? Ga mai tsintar wake. Kana neman mugu? Ga mai sayar da ruwan jarka da alƙawarin warkewa a kwana bakwai. Kana neman taraddadi? Ka sa mai karatu ya riƙe numfashi a kan ko yatsa zai motsa yau. Juyar da abin ma: amarya ce ta faɗi a cikin jego, ka gwada mana angon.

Don haka ina roƙon abu uku. Duk mai rubutu a hannu yanzu, ya koma babinsa na ƙarshe, in ya tarar da wancan shafin ya yage shi. Duk wanda zai sa wannan ciwon a labari, ya ba mai shi suna da murya da gobe, ya kuma nuna jinyar yadda take, da tsawonta da gajiyarta. Na uku, ranar 29 ga Oktoba ita ce ranar tunawa da wannan ciwon a duniya. Ina ba shugabanni shawarar a ware makon don gajerun labarai a kansa, a nemo mai aikin fisiyo ya duba mana su kafin a saki.

Kafin nan, kai mai karanta wannan da ƙarfe biyun dare kana bugun babi na arba'in, yaushe rabonka da awon jini? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

Wanda yake ganin na yi kuskure, fili nasa ne, ina nan ina saurare. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya yafe mana abin da alƙalumanmu suka rubuta cikin rashin sani.

Wassalam, daga Rabah.